Matankari: Sulhu Ya Fi Shari'a, Amma Sulhu Ba Rufe Baki Ba Ne

An gama girbi a Matankari. Damman hatsi sun shiga rumbu, wake ya bushe, an saki gonaki dabbobi sun shiga kara. Lokacin biki ne. Kusan kowane mako ana jin kiɗa a wata unguwa, ana kai amarya.

Amma wanda ya yi sammako ya bi ta ƙofar mai gari, zai ga wani taro daban. Ga tsoho riƙe da carbi, ɗiyarshi zaune bayanshi ta rufe fuska da zane. Ga magidanci tsugune shina zanen ƙasa da tsinke. Ga makiyayi ya jingina da sandarshi shina jiran a kira shi. Waɗanga ba biki ya kawo su ba. Kuka sunka kawo.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa. Saɓani ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne: in an saɓa, ina za a je? Wa za a gaya ma? Mi za a nema? Mutane da yawa ba su san amsa ba. Shi ya sa ƙaramar magana take girma har ta kashe aure, ko ta kai mutum gidan likita, ko gidan kaso.

MAFARIN RIGIMA

Rigimar gida tana da lokacinta, kamar yadda shuka take da nata. Lokaci biyu ta fi yawa.

Na farko shi ne kaka. Hatsi ya samu. Wani mai gida sai shi buɗe rumbu shi sai da rabi don shi ƙara aure. Uwargida ta yi noma tare da shi, ta kai fura gona tun daga shuka har girbi. Tana gani ana auna guminta ana kai kasuwa, ba a shawarce ta ba. Daga nan magana ta fara.

Na biyu shi ne bazara. Rumbu ya yi ƙasa. Maza da yawa sun tafi cin rani: wasu Yamai, wasu Legas, wasu Kwatano ko Abijan, wasu Libiya, wasu wurin haƙar zinari a Jado. Wani shina aiko da kuɗi. Wani kuwa wata biyar ba labari. Mace ita ke neman tuwo, ita ke neman magani. In ya komo hannu wofi ta tambaye shi, sai shi ce ta raina shi.

Akwai wasu mafarai. Akwai auren dole, inda anka ba da yarinya ga wanda ba ta so. Akwai rashin adalci tsakanin kishiyoyi. Akwai uwar miji mai sa baki cikin kowace tukunya. Akwai iyayen mata masu zuga ɗiyarsu ta fito don wani mai kuɗi ya yi magana. Akwai shaye-shayen ƙwayoyi da ya shigo cikin samari. Ga kuma wayar salula, wadda take kai tsegumi daga Matankari har Legas kafin a sauke tukunya.

Ba kullum laifin yake gefe ɗaya ba. Akwai mazan da ake cuta su ma, sai dai kunya ta hana su faɗi.

MISALIN DA KOWA YA SANI

A ɗauki misalin wata mata. Babu buƙatar suna, don kowane gari akwai irinta.

Mijinta ya mare ta a kan maganar kuɗin awo. Ta yi yaji, ta tafi gidansu. Kwana biyu, abokan miji sunka zo biko da goro. Babu wanda ya tambaye ta abin da ya faru. Ubanta ya ce ta yi haƙuri. Uwarta ta ce ita ma haka ta zauna. Ta koma.

Bayan wata uku ya ɗauko igiyar guga. Ta sake yaji. Anka sake biko, anka sake cewa haƙuri. Ta koma.

Karo na uku ba da ƙafarta ta fito ba. A amalanke anka kai ta gidan likita, da ciki wata shida. Ranar nan dangi sunka taru, kowa shina faɗa. Ranar nan anka tuna da mai gari da liman. Amma aure ya riga ya mutu, gida biyu sun zama abokan gaba, yara sun rasa inda za su sa kansu.

A ina anka yi kuskure? Tun bikon farko. An mai da ita, amma ba a yi sulhu ba. Biko daban, sulhu daban. Mai biko ɗauko mace kawai shike yi. Mai sulhu kuwa tono ciwo shike yi, shi wanke shi, sannan shi ɗaure. Wanda ya rufe miki da ƙazanta a ciki, ruɓa zai yi.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne. Amma haƙurin da ake aza ma mutum ɗaya kullum, ɗayan kuwa ba a ce mashi komi, wanga ba magani ba ne.

TSANI MAI HAWA HUƊU

Ƙasar Arewa ta daɗe da sanin sulhu. Matankari ita ce tsohuwar fadar Sarkin Arewa, kafin Turawan Faransa su mai da mazaunin mulki Dogondutsi a 1906. A zamanin da, maganar da ta gagari gida fada ake kai ta. Masu bin gargajiya kuwa Lugu suke zuwa, garin Sarauniya, a tambayi dutsen Tunguma. Zamani ya canza, amma hanyar kai kuka ba ta toshe ba. Yau tana kama da tsani mai hawa huɗu.

Hawa na farko: dangi. Waliyyin mata da waliyyin miji, waɗanda sunka ɗaura auren, su ne farkon masu gyara shi. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratun Nisa'i aya ta 35, ya yi umarni in an ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata a tsai da mutum ɗaya daga danginshi, ɗaya daga danginta, su nemi gyara. Ke nan ita ma tana da mai magana da bakinta.

Hawa na biyu: liman ko malamin unguwa. Shi zai faɗi abin da addini ya aza ma kowa: ci, sha, sutura, wurin kwana da kyakkyawan zama a kan miji, amana da mutunta gida a kan mata. Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda anka kafa a 1974, ta daɗe tana sauraron irin waɗanga matsaloli na aure.

Hawa na uku: sarakuna. A fara da mai gari ko mai unguwa. Makiyaya su fara da ardo ko shugaban ruga. In ta gagara a wuce wurin sarkin kanto, kamar Sarkin Arewa a Dogondutsi ko Samna a Tibiri, ko wurin sarkin Fulani. Wanga aiki ba alfarma ba ce. Dokar sarakunan gargajiya ta 1993, da wadda ta maye ta a watan Janairu na 2015, sun ba sarki ikon sasanta mutane cikin maganar al'ada da ta haƙƙi. Dokar ta ce a rubuta abin da anka yi cikin littafi. In an shirya, a yi takardar sulhu. In ba a shirya ba, a yi takardar rashin sulhu. Wanda ke riƙe da takardar sulhu mai sa hannu, shina iya kai ta ga alƙali a buga mata hatimi, ta zama tilas a kan wanda ya saɓa.

Hawa na huɗu: gidan shari'a. Akwai na Dogondutsi, akwai babba a Doso. Mutane da yawa suna tsoro, suna tsammanin da dokar Turawa za a raba masu aure. Ba haka ba ne. Tun dokar 16 ga Maris 1962, maganar aure, saki, gado da riƙon yara, bisa al'adar masu shari'a ake yanke ta. An sabunta dokar a 2004 da 2018, amma wanga tushe bai canza ba. Shi ya sa alƙali shike zama da mashawarta, malamai da dattawa waɗanda sunka san al'ada da addini. An yi ƙoƙarin kafa dokar iyali guda ga ƙasa duka a 1993 da 2011, ba ta samu karɓuwa ba. Kuma shi kanshi alƙali, da neman sulhu shike farawa kafin shi yanke hukunci.

Mai hankali ba shi tsallake hawa ba dalili. Amma kuma ba shi tsayawa a hawa ɗaya shekara da shekaru alhali ciwo shina ƙaruwa.

YADDA ZAMAN SULHU YAKE KYAU

Ba kowane taro ne sulhu ba. Zaman sulhu na ƙwarai shina da alamomi shida.

1. A yi shi da wuri. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Yajin farko ya isa a zauna.

2. A ji kowa. A fara jin mace ita kaɗai, a ji miji shi kaɗai, sannan a haɗa su. Mace ba ta iya faɗin sirrin ɗaki gaban surukinta da taron maza. Don haka a samu dattijuwa mai amana, ko ungozoma, ko shugabar mata, ta zauna da ita.

3. A riƙe sirri. Abin da anka faɗa a zaure kada shi kai bakin rijiya. Mai sulhun da ke da sakin baki, ba mai komawa wurinshi.

4. Kada mai sulhu shi ci na kowa. Wanda ya karɓi kaza daga hannun miji da dare, ba shi iya kallonshi da safe shi ce mashi ya yi laifi.

5. A faɗi laifi da sunanshi. In miji ya hana abinci, a ce ya hana. In mata ta zagi uwarshi, a ce ta zaga. Sannan a tsai da abin da kowa zai yi: tiya nawa za a auna a mako, kwana nawa ga kowace mata, wa zai biya kuɗin magani.

6. A rubuta, a sa shaidu, a sa ranar komowa. Bayan wata ɗaya masu sulhu su leƙa su ga ko alkawari ya tsaya. Magana zarar bunu ce, amma takarda ba ta mantuwa.

DUKA BA GYARA BA NE

A 2012 gwamnati ta yi babban bincike kan lafiya da zaman iyali a ƙasar Nijar duka. An tambayi mata ko akwai dalilin da zai sa miji shi bugi matarshi, kamar ƙona abinci, ko fita ba izini, ko gardama. Cikin mata 100, kusan 60 sun ce akwai. Cikin maza 100 kuwa, kusan 27 ne sunka ce haka. Abin lura ne. Matan da ake bugu su ne sunka fi yarda da bugun, don tun suna ƙanana anka koya masu haka. Binciken nan kuma ya nuna cikin mata matasa 100, 76 an yi masu aure ba su kai shekara 18 ba. Yarinyar da anka kai ɗaki ba ta san haƙƙinta ba, yaya za ta nemi shi?

Malamai suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa bugun mace ba. Dokar ƙasa kuma ba ta ware miji ba. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda anka gyara a 2003, shina hukunta duk wanda ya bugi wani ko ya ji mashi ciwo da gangan, da ɗauri da tara. Babu inda anka ce ban da matar mutum.

A nan ne iyakar sulhu take. Sarki shina da ikon sasanta maganar haƙƙi, amma ba shi da ikon yanke hukuncin laifi. In jini ya zuba, ko ƙashi ya karye, ko ciki ya ɓare, ko an zare wuƙa, ko an yi ma yarinya fyaɗe, magana ta wuce zaure. Ga abin da ya kamata a yi:

A fara kai mai ciwo gidan likita, ranar nan ba gobe ba. A nemi takardar likita mai nuna irin ciwon, don ita ce shaida. A sanar da jandarmomi. Kada a mai da matar ɗakin da anka ji mata ciwo sai an tabbata ranta ba shi cikin haɗari. In fyaɗe ne, a gaggauta ƙwarai, don maganin kariya daga ciwon sida cikin kwana 3 na farko shike aiki.

Maƙwabcin da ya ji kuka cikin dare ya gyara kwanciya, ya ce ba ruwanshi, shi tuna: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Shi ma shina da ɗiya a gidan wani.

IN AURE YA ƘI

Wani aure ba shi gyaruwa. In haka ta faru, aikin masu sulhu bai ƙare ba. Sai su tsaya a rabu da mutunci, kowa shi san nashi.

Saki. Malamai sun hana sakin fushi na barkatai. Saki ɗaya ake yi, cikin tsarki, don a bar ƙofar komawa. Wanda ya furta uku baki ɗaya ya rufe ma kanshi ƙofa, gobe shi ne zai riƙa yawo gidajen malamai shina neman dabara. Wanda kuma ya aiko da saki ta waya daga cin rani, ya bar mace cikin ruɗu. Gobe shi ce bai faɗa ba, ita kuwa ba ta san ko matar aure ce ko bazawara ba. A sa shaidu, a je gidan shari'a a karɓi takardar saki.

Idda. Tsarki uku ce, mai ciki kuwa sai ta haihu. A sakin da ake iya komawa, cinta da wurin kwananta suna kan miji har idda ta cika. Korar mace da tsakar dare da ƙullin kaya ba addini ba ne, ba al'adar kirki ba ce.

Sadaki. Nan ne mata da yawa suke maƙalewa. Ana ce masu duk wadda ta nemi rabuwa sai ta biya abin da anka kashe. Iyaye sun riga sun ci, ba su da abin mayarwa, sai su tilasta mata zama. Gaskiyar magana kashi biyu ce. In mace ce ta gaji da zama ba tare da an cuce ta ba, tana fansar kanta da dukiya, shi ne hul'i. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar nan, in ta tabbata miji shina cutar da ita, alƙali shina iya raba auren ba ta mai da komi ba. Shi ya sa shaidu da takardar likita da takardar rashin sulhu suke da amfani.

Kaya. Kayan ɗakin da ta zo da su nata ne. Akuyar da ta saya da kuɗin asusu tata ce. In ta shuka gujiya ko kuɓewa a gamanarta saki ya same ta da damana, masu sulhu su tsai da maganar amfanin tun ranar, kada a bari sai kaka.

Yara. A al'adar wurare da yawa, uba shina karɓe yaro bayan yaye ko in ya kai shekara 7. A littattafan Malikiyya kuwa uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har shi balaga, mace har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Alƙali shina duban inda yaro zai fi samun kulawa. Ko ina yaro ya zauna, ciyar da shi a kan uba yake. Kuma ba a hana yaro ganin uwarshi ko ubanshi. Aure ne ya mutu, haihuwa ba ta mutuwa.

RIGIMAR WURIN AIKI

Ba maganar aure kaɗai ake kai ƙofar mai gari ba. Akwai ta gumi.

Ɗan barema ya yi noma kwana goma. Mai gona ya ce sai kaka. Kaka ta zo, ya ce ba haka anka yi ba. Makiyayi ya karɓi shanun mutane ya tafi da su mashekari. Ya komo, saniya ɗaya babu. Mai ita ya ce an sai da ta, makiyayi ya ce ciwo ya kashe ta. Ko kuma dabbobi sun shiga gonar wani. Wa zai biya ɓarna, mai dabbobi ko mai kiwo? Duk waɗanga rigingimu uwarsu ɗaya: an yi ciniki ba shaida.

Maganinsu tun ran gini ne. Kafin a kama hauya ko sanda, a faɗi lada gaban mutum biyu. A ƙirga dabbobi, a faɗi kamanninsu, a faɗi wanda ke da nono, a faɗi abin da za a yi in wata ta mutu ko ta yi ɓarna. In akwai mai iya rubutu, shi rubuta, kowa shi riƙe tashi. Maganar ɓarnar gona kuwa, dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta ce a fara da sulhu gaban sarakuna, tare da wakilan manoma da na makiyaya. Ba a ɗaukar doka a hannu.

Akwai kuma ƴan mata masu tafiya aikin gida a Doso da Yamai. Wata uwar ɗaki ta ce tana ajiye mata kuɗi, ranar tafiya ta ce an fasa kwano an cire. Wata kuma mai gidan ne ke binta da maganar banza, ba ta da wanda za ta gaya ma. Iyaye su sani: dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Matsa ma mace da neman lalata a wurin aiki laifi ne a doka tun 2003. Kada a sa yarinya mota sai an san gidan da za ta, da ladanta, da ɗan gari wanda zai riƙa leƙa ta.

Wanda ke aikin albashi, kamar gadi ko tuƙi ko gini, in an kore shi ba dalili ko an riƙe mashi kuɗi, shi je wurin sufeton ƙwadago a Doso. Sufeto shina kiran mai aiki da mai ba da aiki shi sasanta su, ba a biyan shi komi. In ta gagara sai alƙalin ƙwadago. Daga farkon 2024, mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar Nijar jika 42 ne a wata.

MASU BA DA SHAWARA

Ban da dangi da sarakuna, akwai waɗanda aikinsu ke nan, saurare da nuna hanya.

A 2011 gwamnati ta kafa hukumar taimakon shari'a, wadda ake kira ANAJJ, mai ofisoshi a manyan gidajen shari'a irin na Doso. Tana bayyana ma mutum haƙƙinshi kyauta. Tana sama ma talaka lauya. Matan da anka ji ma ciwo, da masu neman kuɗin ciyar da yara, suna cikin waɗanda doka ta ce a taimaka ma.

Akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, duka biyu an kafa su a 1991. Akwai ƙungiyar SOS mai taimakon mata da yaran da ake cuta cikin gida, wadda ta fara aiki a Yamai a 1998. A Dogondutsi akwai ma'aikatan gwamnati masu kula da mata da yara. Ungozoma da malamin likita su ma sun san inda za su tura mutum.

Wasu dabaru kuwa daga karkara sunka fito. Asusun Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991. Taron mako ne na zuba kuɗi, amma a nan mata suke jin ciwon juna, don ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Makarantar mazaje ta fara a jihar Damagaram, ta bazu wasu jihohi. Magidanta masu hali na gari suke zama su tattauna lafiyar iyali, su ja hankalin ƴan'uwansu. Namiji ya fi jin maganar namiji ɗan'uwanshi. Babu abin da zai hana kowace unguwa a Matankari ta zaɓi dattijo biyu da dattijuwa biyu masu riƙon amana, kowa shi san ƙofarsu a buɗe take dare da rana.

TAKARDA DA MAI KARANTA TA

Duk inda anka bi cikin wagga magana, takarda ake tararwa. Takardar aure, wadda ake yi kyauta in an shaida ma hukuma da wuri. Takardar haihuwar yaro. Takardar sulhu. Takardar likita. Takardar saki. Takardar lada.

Wanda bai iya karatu ba, dangwala yatsa shike yi a kan abin da bai sani ba. Ana iya karanta mashi fari alhali baƙi anka rubuta. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci kuwa, shina iya rubuta ranar da anka yi alkawari, da yawan tiya, da sunan shaidu. In takarda da Faransanci take, shi nemi a fassara mashi kafin shi sa hannu, shi kuma rubuta abin da ya ji da Hausa shi ajiye.

Saboda haka duk wanda wagga jarida ta shiga hannunshi, kada shi naɗe ta shi sa aljihu. Shi karanta ma abokanshi a dandali. Shi karanta ma matan gidanshi. Malaman yaƙi da jahilci su tattauna ta da ɗalibansu, maza da mata. Masu gari su tanadi littafin sulhu da wanda zai riƙa rubutawa.

Kaka ta gaba za a sake jin kiɗa a Matankari, za a sake kai amare. Uban da zai ba da ɗiyarshi shi gaya mata ta yi haƙuri, ba laifi. Amma shi gaya ma angon shi ma. Kuma shi gaya masu su biyu ƙofar da za su buga in an saɓa.

Allah shi ba da zaman lafiya.